Filin Tambaya Da Amsa: Me Ya Kawo Ɓera Cikin Takardar Sinadarin Kamfaninmu?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan watan da yawansu a kan iskar da muke shaƙa ne a wurin neman abinci, wasu daga ma'aikatan kamfani wasu daga ƴan kasuwa, sai na ga gara in haɗa su wuri guda tunda duk jijiya ɗaya ce. Na ɗan rage tsawon wasu, sunaye kuma kaman kullum ba ma sakawa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin jimar fata a nan Kano, shekarata bakwai a sashen da ake cire gashi. Kwanaki aka raba mana wata takarda da turanci a kan iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tasowa daga kwatar kamfani, a ciki na ga an rubuta LC50, sai ɓera, sai 444 ppm, sai awa 4. Na tambayi wanda ya raba ya ce min ai ma'anarsa in dai bai kai 444 ba babu komai. Ni dai hankalina bai kwanta ba dan wani lokacin in na koma gida idona ja yake yi, kaina kaman zai tsage. Kuma me ya haɗa mu da ɓera? Daga wani ɗan'uwa a Kano.

AMSA: Ɗan'uwa sannu da ƙoƙari, ka yi daidai da hankalinka bai kwanta ba. Wanda ya faɗa maka haka bai fahimci takardar ba, kuma irin kuskuren nan ne da yake kai mutum kushewa, shi ya sa zan tsaya a kan tambayarka fiye da sauran.

Iskar da kake magana sunanta haidurojin salfaid, a takarda za ka ga an rubuta H2S. A wurin aikinku tana fitowa ne daga sodiyom salfaid ɗin da kuke zubawa dan gashi ya saki fata, in ruwansa ya gangara kwata ya haɗu da ruwan asid na ɗaya sashen sai iskar ta taso, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi dan haka ba sama take yi ba, kwanciya take a rami da tanki da ƙasan kwata. Shi kuma ppm ma'auni ne, yana nufin kashi nawa cikin miliyan. Ka ɗauka ka ƙirga ƙwayar gero miliyan ɗaya, zai kai wajen tiya uku ko huɗu, sai ka rina ƙwaya 444 da baƙi ka cuɗanya a ciki, waɗanda ka rina ɗin ba su fi cokalin shayi ɗaya ba. Toh haka 444 ppm yake a cikin iska, ɗan kaɗan ne ƙwarai. LC50 kuma shi ne yawan sinadarin a iska wanda ya kashe kashi 50 cikin 100 na dabbobin da aka gwada. Wato abin da layin nan yake cewa shi ne, da aka sa ɓeraye suka shaƙi iskar da ke da 444 ppm tsawon awa 4, rabinsu sun mutu. Mutuwa ake aunawa a nan, ba lafiya ba.

Bari in faɗa maka yadda ake gwajin dan ka san daga ina lambar ta fito. Akwai wata ƙungiyar ƙasashe mai suna OECD da ke da hedikwata a Faris, ita ta rubuta ƙa'idar da kusan duk ɗakunan gwaji na duniya suke bi, ƙa'ida mai lamba 403, an fara fitar da ita a 1981 aka sabunta a 2009. Najeriya ba ta cikin ƙungiyar amma tunda yawancin sinadaranmu daga waje ake shigo da su, lambobin can ne suke biyo durom ɗin har zuwa Sharaɗa da Challawa. Ba ɓeran rumbu ko na kwata ake kamowa ba, farare ne masu jan ido da ake kiwonsu musamman dan wannan aikin, sanannu a cikinsu su ne Wistar, wanda asalinsa daga wata cibiya ce a Filadelfiya ta Amurka tun 1906, da kuma Sprague Dawley. Ana ɗaukar matasa ƴan sati 8 zuwa 12 masu ƙoshin lafiya, a bar su aƙalla kwana biyar su saba da wurin, sannan a raba su rukuni-rukuni, a tsohon tsarin kowane rukuni maza biyar mata biyar, kuma aƙalla rukuni uku kowanne da ƙarfin iskar da za a ba shi. Yawanci ana saka kowane ɓera a cikin wani bututu ne hancinsa kaɗai ya leƙo inda iskar take wucewa, dalili kuwa in aka saka shi gaba ɗaya a akwati sinadarin zai kwanta a gashinsa, ɓera kuma ba ya rabuwa da lasar jiki, sai ya zama an gwada ci ba shaƙa ba.

Akwai abubuwan da ake tsarewa sosai dan kar wani abu daban ya kashe dabbar a ce sinadari ne. Zafin ɗakin ana riƙe shi wajen digiri 22, iskar oksijin ba a bari ta yi ƙasa da kashi 19 cikin 100, in kuma abin da ake gwadawa ƙura ce ko feshi sai an niƙa shi ko an fesa shi ya zama ƙanana tsakanin maikuron 1 zuwa 4 dan ya iya shiga can cikin huhu, ka kwatanta da kaurin gashin kai ɗaya da yake wajen maikuron 70. Bayan awa huɗun sai a fito da su a ci gaba da lura da su har kwana 14, ana duba numfashinsu da idonsu da tafiyarsu, ana auna nauyinsu, dan wasu sinadaran ba nan take suke kisa ba, sai ɓera ya fito garau bayan kwana ɗaya ko biyu ruwa ya cika masa huhu. A ƙarshe duka ana buɗe su a duba hanci da maƙogwaro da huhu, waɗanda suka mutu da waɗanda suka rayu, sannan a yi lissafi a fitar da lambar.

Yanzu ka duba maganar mutumin ku. In rabi sun mutu a 444, ai akwai waɗanda suke mutuwa tun kafin a kai nan, akwai kuma waɗanda ba su mutu ba amma sun sha wuya, lambar ba ta ce komai a kansu ba. Ma'aunin da aka yi wa ma'aikaci daban yake kuma can ƙasa yake. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ce kar ya wuce 10 ppm ko da na minti goma ne, in ya kai 100 kuwa wuri ne na gudun ceton rai. Wata ƙungiyar masana a can ma ta sauko da nata ma'aunin zuwa 1 ppm na aikin awa takwas. Ina 1 ina 444? Jan ido da ciwon kan da kake ji alamu ne da aka sani na wannan iskar tun tana ƙasa sosai da ɗari, kar ka ɗauke su gajiya ce kawai.

Abin da ya fi ban tsoro a H2S shi ne yadda take yaudarar hanci. Tana ɗan kaɗan ƙasa da 1 ppm za ka ji warinta, amma in ta kai 100 zuwa 150 sai ta kashe jijiyar jin wari, mutum ya ce ai warin ya tafi alhali lokacin ne ta fi yawa. In ta kai 700 zuwa 1000 shaƙa ɗaya ko biyu sai mutum ya yanke jiki ya faɗi, saboda tana hana ƙwayoyin jiki amfani da oksijin ɗin da ke cikin jini. Dan haka ka roƙi a kawo muku ɗan na'urar nan da ake maƙalawa a riga mai yin ƙara in iskar ta yi yawa, ku nemi a raba kwatar ruwan salfaid da ta ruwan asid, kar kowa ya shiga tanki ko rami sai an auna an hura iska. Takunkumin yadi ko irin na asibiti ba ya tare wannan iskar ko kaɗan. Ka koma takardar ka duba sashe na 8, a nan ake rubuta ma'aunin ma'aikaci da kayan kariya, lambar ɓeran kuma tana sashe na 11. Ka je asibiti kuma ka faɗa wa likita ainihin aikin da kake yi.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗaliba ce ina karanta kimiyyar haɗa magunguna. Abin da ke ɗaure min kai, ɓera ai ba mutum ba ne, ta yaya za a gwada abu a kansa a ce haka zai yi mana? Ba ɓata lokaci ba ne kuwa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Ƙanwata tambayarki tana da kyau, amsar kuma ita ce gwajin yana da amfani sosai amma yana da iyaka, matsala tana zuwa ne in mutum ya manta ɗaya daga cikin biyun.

Ki fara da amfanin. A Koriya ta Kudu mutane suna amfani da wata na'ura mai fesa danshi a ɗaki lokacin sanyi, saboda iska tana bushewa kaman yadda namu hunturun yake yi. Sai aka riƙa sayar da wani ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a cikin na'urar, a cikinsa akwai sinadarin PHMG, wanda dama ana amfani da shi wurin goge-goge ana ganin ba shi da wani hatsari sosai. Ba a yi masa gwajin shaƙa kafin a sa shi a wannan aikin ba. A 2011 aka ga mata masu ciki da masu jego da ƙananan yara huhunsu yana ƙandarewa ba a san dalili ba, sai da hukumar lafiyar ƙasar ta sa ɓeraye suka shaƙi feshin, huhunsu ya yi irin lalacewar da aka gani a mutane, a watan Nuwamba na shekarar aka janye kayan daga kasuwa. Waɗanda aka kai rahoton mutuwarsu sun haura dubu. Duk lokacin da na tuna wannan labarin raina yana ɓaci, dan gwajin da aka yi bayan an binne mutane shi ne wanda da an yi tun farko. Fata da ciki suna da kariyar da huhu ba shi da ita, abin da kika taɓa ba komai zai iya zama dafi in ya zama feshi.

Sai iyakar. Ɓera ta hanci kaɗai yake numfashi, ba ya iya yi ta baki, kuma cikin hancinsa yana da lunguna da yawa da suke tace iska fiye da namu. Lebura kuwa in aiki ya yi nauyi baki yake buɗewa, iskar ta zarce kai tsaye. An ga wannan bambancin a Amurka a shekarar 2000, lokacin da aka samu tsofaffin ma'aikata takwas na wani kamfanin gugguru a jihar Misuri da wata muguwar cutar da ke toshe ƙananan hanyoyin iska na can cikin huhu, aka gano sinadarin dayasitil ne mai ba da ƙamshin man shanu. Da aka gwada a ɓera an ga ɓarna, amma mafi yawanta a hanci da saman maƙogwaro ta tsaya. Ɓeran ya nuna abin yana ƙona hanyar iska, amma bai nuna daidai inda zai ƙona a jikin mutum ba. Ki ƙara da cewa ɓerayen gwaji matasa ne masu lafiya, babu mai asma a cikinsu, babu tsoho, babu mai ciki, babu jariri. Shi ya sa masu kafa ma'auni ba sa ɗaukar lambar ɓera su manna wa mutum, sai sun rarraba ta, galibi kashi goma saboda bambancin dabba da mutum, wani goman kuma saboda bambancin mutum da mutum.

Kuma ki riƙe wannan dan zai yi miki amfani a aiki, gwajin awa huɗu ba ya ganin cutar shekara goma. Benzin da ke cikin man fetur sai ya kai wajen 13,700 ppm kafin ya kashe rabin ɓeraye a awa 4, wanda ya kalli wannan lambar kaɗai zai ce ai mai sauƙi ne, alhali an tabbatar yana jawo sankarar jini in an daɗe ana shaƙa, ma'aunin ma'aikaci a dokar Amurka 1 ppm ne. Ƴan bumburutu da suke wuni a kan jarka suna zuƙo mai da tiyo a baki, ba gwajin awa huɗu ne zai faɗi halin da suke ciki ba, wannan sai gwaje-gwajen kwana 28 da kwana 90 da na shekara biyu, waɗanda kowanne da ƙa'idarsa daban.

TAMBAYA: Malam ina sana'ar wake da masara, muna saka ƙwayar nan ta Phostoxin a buhu saboda ƙwari. Bana kaya sun yi yawa sito ya cika, sai na zuba buhu ashirin a ɗakin da ke jikin na yara, akwai ƙofa a tsakani amma a rufe take. Maiɗakina ta ce tana jin wani wari kaman tafarnuwa. Akwai matsala? Daga wani ɗan kasuwa a Dawanau.

AMSA: Alhaji dan girman Allah in har yanzu kayan suna nan, ka ajiye mujallar nan ka fitar da yaran daga wannan ɗakin yau, kar su ƙara kwana. Ka buɗe tagogi, ka nemi inda za a mai da buhunan nesa da inda mutane ke kwana. Warin da Hajiya take ji shaida ce iskar ta riga ta ratso.

Ƙwayar nan aluminiyom fosfaid ce, in ta sha danshin iska sai ta fara sakin wata iska mai suna fosfin, ita ce ke kashe ƙwarin. A gwajin ɓera irin wanda na yi bayani a sama, wajen 11 ppm ya isa ya kashe rabinsu a awa 4. Ka kwatanta da 444 na iskar kwata, ka ga ta ninka ta dafi kusan sau arba'in. Ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 tana sakin giram 1 na fosfin, in ka lissafa a ɗaki mai faɗin mita uku da tsawon mita huɗu da tsayin mita uku, wanda aka rufe ruf, wannan giram ɗayan zai ba da kusan 20 ppm. Ƙwaya ɗaya kenan fa, kai kuma buhu ashirin ka ce. Ma'aunin da dokar Amurka ta yarda ma'aikaci babba ya shaƙa a wuni 0.3 ppm ne. Buhu ba ya riƙe iskar, ƙofar katako ma ba ta riƙewa, tana bi ta ƙasan ƙofa da tsagar bango da saman silin, kuma ƙwayar tana ɗaukar kwanaki tana saki a hankali, yara kuma sun fi saurin numfashi ga ƙaramin jiki, su take fara kayarwa.

Ka duba jikin gwangwanin za ka ga hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu. Wannan hoton daga lambar ɓeran ya samo asali. A tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na yi wa sinadarai alama, iskar da LC50 ɗinta bai wuce 100 ppm ba tana rukuni na ɗaya, zuwa 500 rukuni na biyu, zuwa 2500 rukuni na uku, duka ukun nan ƙoƙon kai ake saka musu. Fosfin tana na ɗaya, iskar kwata tana na biyu, hayaƙin janareta kuma sinadarin da ke kisa a cikinsa, kabon monoksaid, yana na uku. Ko mutum bai iya karatun boko ba in ya ga hoton nan ya san abin da ake nufi.

In wani a gidan ya fara amai, jiri, ciwon ciki ko ƙirji ya ɗaure, a tafi asibiti nan take a tafi da gwangwanin, ko da ya ce ya ji sauƙi, dan fosfin tana taɓa zuciya kuma ruwa yana iya taruwa a huhu bayan awanni. Kar a tsaya ba da madara ko manja, su ciki suke zuwa, dafin kuma ta huhu ya shiga, in ma mutum ya galabaita ɗura masa abu zai iya shaƙe shi.

TAMBAYA: Malam ni abin tausayi yake ba ni. A kama dabba a ɗaure a bututu a hura mata guba har ta mutu, wannan ba zalunci ba ne? Mun san an azabtar da wata mata saboda kyanwa. Daga wata uwa a Katsina.

AMSA: Hajiya Allah ya saka da alheri, tausayin nan naki a wurinsa yake, ni ma ba zan ce miki dabbobin ba sa wahala ba, suna sha. Hukuncin shari'a na malamai ne, amma duk mun taso da sanin cewa an umarce mu da kyautatawa a kan komai har wurin yanka, kuma ni ina ganin wanda ya kashe dabba ɗaya a gwajin da ba a buƙata yana da abin amsawa.

Su ma masu binciken wannan ya daɗe yana damun wasunsu. Tsarin auna dafi da mutuwar rabin dabbobi wani masani ɗan Ingila mai suna Trevan ya kawo shi a 1927, a da kuma dabbobi masu yawan gaske ake kashewa kan sinadari ɗaya. A 1959 wasu masana biyu, Russell da Burch, suka kawo ƙa'idoji uku da har yau ake bi, a maye gurbin dabba da wata hanya in akwai, in babu a rage yawansu, waɗanda aka yi amfani da su kuma a rage musu azaba. A hankali abin ya shiga doka. A 2009 OECD ta fitar da ƙa'ida mai lamba 436 wadda ake amfani da maza uku mata uku a kowane mataki, ana tsayawa da zarar an gane rukunin da sinadarin yake. Daga baya aka ƙara mai lamba 433 wadda ba a jiran mutuwa, in alamun cutuwa sun bayyana sarai an samu amsa. Dabbar da aka ga tana cikin matsanancin ciwo ƙa'ida ta ce a sauƙaƙe mata kar a bar ta tana shure-shure, sinadarin da aka riga aka san yana ƙona nama kuma ba a yarda a hura shi da ƙarfin da zai azabtar ba. Akwai kuma yarjejeniyar cewa gwajin da aka yi a ƙasa ɗaya bisa ƙa'ida sauran ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar su karɓa, ba sai kowa ya sake kashe nasa ba. Tarayyar Turai tun 2013 ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi. Yanzu ma ana rainon ƙwayoyin hanyar iska na ɗan Adam a faranti a hura musu sinadari, an fara karɓar sakamakonsu a wasu wurare, sai dai faranti ba shi da zuciya da jini da ƙwaƙwalwa, shi ya sa bai gama maye gurbin dabba ba.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne abin da ke faruwa in ilimin ya yi ƙaranci. Daren 2 ga Disamba 1984 wayewar 3 ga wata, wajen tan 40 na sinadarin metil aisosayanet ya tsere daga kamfanin maganin ƙwari na Union Carbide a garin Bhopal na Indiya, mutum sama da 500,000 suka shaƙa, dubbai suka mutu cikin kwanaki kaɗan, likitocin garin suna karɓar mutane ba su da cikakken bayanin abin da ya shiga huhunsu. Bincike mai yawa a kan sinadarin sai bayan nan aka yi shi. Ni abin da ya fi ci min rai shi ne a ce an riga an kashe dabbobin, an samu lambar, an buga ta a takarda, sannan takardar ta ƙare a durowar ofis ma'aikaci bai taɓa jin fassararta da harshensa ba.

TAMBAYA: Mahaifina yasar rijiya da kwashe masai yake yi, ni nake rubuta masa. Ya ce su tun iyaye da kakanni fitila suke zurawa, in ba ta mutu ba sai su shiga. Ya ce a tambaye ka ko wannan ya isa. Daga Damagaram.

AMSA: Ka gaida min Baba da kyau, ka ce masa dabarar magabata tana da tushe amma rabin aiki take yi. Wuta tana mutuwa ne in oksijin ya yi ƙaranci, dan haka in fitila ta mutu lallai kar a shiga. Amma in ba ta mutu ba wannan bai nuna babu dafi ba, iskar masai irin wadda na yi wa ɗan'uwanmu na Kano bayani tana iya kai 1000 ppm fitila tana ci abinta, ga kuma hatsarin cewa a ramin masai akwai iskar da ke kamawa da wuta, zura fitila zai iya tayar da gobara. Masu haƙar kwal a Ingila ma sun gane wuta ba ta isa ba, shi ya sa suka koma shiga da tsuntsun kanari a keji bisa shawarar wani masani mai suna Haldane, har zuwa 1986 da na'ura ta karɓi aikin.

A masai kuma iskar tana ɓoye a cikin ƙazantar, sai an fara motsawa take tasowa, dan haka ko an auna da farko a ci gaba da aunawa. A buɗe ramin a bar shi ya sha iska, in da hali a hura da fanka ta bututu har ƙasa, kar a taɓa sauke janareta ko injin ban ruwa mai fetur cikin rijiya. Wanda zai shiga a ɗaura masa igiya a ƙirji da kafaɗu, mutum biyu ƙarfafa su tsaya a sama riƙe da ita suna yi masa magana. In ya yi shiru ko ya faɗi a jawo shi da igiyar, kar kowa ya diro. Na san wannan yana da wuya, ɗanka ko ƙaninka yana ƙasa, amma NIOSH ta taɓa fitar da gargaɗi a 1986 cewa sama da kashi 60 cikin 100 na waɗanda ke mutuwa a irin waɗannan ramukan masu shiga ceto ne. In an fito da shi a kwantar da shi a fili inda iska ke kaɗawa, in ba ya numfashi a fara danna ƙirji, wani kuma ya nemo abin hawa zuwa asibiti.